Mijin Sibila na Tsakiya

"Ita kam ai igiyar da ta ɗaure ta da gidan nan ta daɗe da tsinkewa. Zaman mutunci ne kawai."

Goggo Kulu ce ta faɗa, tana tsince shinkafa a tsakar gida ita da wata maƙwabciyarmu. Ni ina ɗaki ina guga da dutsen gawayi, ba su san na dawo daga aiki ba. Kuma ba da mugunta ta faɗa ba. Yadda mutum zai ce gishiri ya ƙare, haka ta faɗe shi, ta wuce zancen tsadar manja. Ni ce dai na tsaya da dutsen a wuri ɗaya har na ƙona bakin ɗankwalina.

Abin da ya sa maganar ta zauna min, gaskiya ce. Mahaifina Mamman manomi ne a Zawaciki, ya rasu ina goye. Bayan an yaye ni Inna ta auri Malam Lawan, ta taho da ni Sharaɗa. Na buɗi ido ina ce masa Baba. Ina ajin ƙarshe na firamare suka rabu, ba faɗa ba hayaniya, Inna ta koma gidansu, daga baya ta auri wani Alhaji Alhassan mai motocin haya a Hotoro. Ni kuwa aka ce a bar ni in gama zangon karatu. Goggo Kulu, yayar Baba, lokacin mijinta ya rasu ta dawo gidan, ita ta ci gaba da yi min kitso da faɗa. Zangon ya ƙare, wani ya shigo. Na tafi sakandare ta kwana, na gama, na koyi buga tafireta, na samu aiki a ofishin wani kamfanin alewa nan Sharaɗa. Ban taɓa jin wanda ya ce in tattara kayana ba, ni ma ban taɓa tambayar dalili ba.

Baba a kamfanin jima yake aiki, can Challawa, wurin da ake jiƙa fatu. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen ya san warin. Shi ya sa kullum akwai lemon tsami a aljihunsa. Ina ƙarama, in na kawo masa littafina ya gani, sai ya ce tsaya, ya je ya goge hannunsa da toka da lemon tsami, ya shanya su a iska, sannan ya karɓa da 'yan yatsu biyu. Ba ya karanta boko. Jan biron malami yake dubawa, in ya yi yawa ya ce, "Wannan malamin naku ba ya tsimin tawada."

Ranar ziyara a sakandare kuwa, can gindin wata darbejiya yake tsayawa da kekensa, nesa da iyayen da suka zo a mota. Na daɗe ina zaton kunyar tufafinsa yake ji. Sai da na girma na gane ni yake karewa, kar yara su ce Atika ubanta wari yake.

To wannan mutumin ne aka ce ba abin da ya haɗa ni da shi.

Maganar ba za ta dame ni haka ba da ba don Shu'aibu ba. Shi ne mai kula da siton kamfaninmu, mutumin Ɗorayi. Mun fi shekara muna gaisawa, daga baya gaisuwar ta yi tsawo, har ya fara zuwa ƙofar gida ranar Lahadi da yamma. Wata rana an tashi daga aiki ya tare ni a bakin get yana murza makullan sito a hannu.

"Magabatana suna tambaya," ya ce. "Wai ina za su kai gaisuwa? Na ce musu Sharaɗa, sai kawuna ya ce shi ya ji an ce ke 'yar Zawaciki ce. Wata kuma ta ce Hotoro. Yanzu a gidanmu tsokanata ake, wai mata uku na nemo."

Na yi dariya don kar ya ga fuskata. Na ce zan faɗa masa.

Mako ya wuce ban faɗa masa ba. Na san inda nake so su je. Amma 'ya mace ba ta zuwa gaban ubanta da zancen aurenta, gwaggo ake turawa. Gwaggon da zan tura kuwa na riga na ji ra'ayinta. Kuma can ƙasan zuciyata tsoro nake kar a tambayi Baba ya ce, cikin wannan sanyin muryar tasa, "Ai ni ba ni da hurumi, a je Zawaciki." In ya faɗi haka shi ke nan, riƙon karatu ya yi min, karatu kuma ya ƙare.

A ofishinmu akwai wani tsohon Bature, Mista Tindal, injiniyan da ke kula da injunan dafa sukari. A Bompai yake zaune shi kaɗai, matarsa ta rasu. A bangon bayan kujerarsa akwai wani hoto baƙi da fari. Mace ce da namiji an sassaƙa su da dutse, suna kwance rigingine gefe da gefe, sun haɗa tafukan hannu a ƙirji. Hancin matar ya gutsure. A ƙafarta akwai ɗan ƙaramin kare, shi ma na dutse. Tun da na fara aiki nake satar kallon hoton, ban taɓa cewa komai ba.

Wata Talata wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, aka tura neman makaniki. Muna zaune, sai Mista Tindal ya kama ni ina kallon hoton.

Da Turanci ya ce, "Sibila ke nan. Maƙwabciyarmu ce. Shekara ɗari shida da wani abu tana kwance a cocin ƙauyenmu."

Ya ce matarsa ce ta ɗauki hoton, ita ce mai son tone-tonen tarihi. Sibila 'yar manyan masu ƙasa ce a Ingila ta zamanin dawaki da sulke. Aure uku ta yi, ta binne mazan duka uku. Na farko babban mutum, na uku ya fi shi girma. Wannan na gefenta kuwa na tsakiya ne, wanda ba shi da wata sarauta, kuma ko ɗa ɗaya ba su haifa tare ba.

Daga nan janareta ya tashi, Mista Tindal ya miƙe ya fita.

Da azahar nakan ci abincina a rumfar bayan ɗakin naɗe alewa, wurin matan da ke aiki a can. Ba na magana, sauraro nake. Shugabar rumfar, ko da yake ba wanda ya naɗa ta, ita ce Sauda, wata doguwar mata 'yar Damagaram mai yatsu kamar inji, tana naɗe alewa tana kallon wani wuri. Sai Ladidi, wadda mijinta malamin allo ne, ba ta rasa abin da za ta ce an ce a littafi. Ranar ban san abin da ya shiga bakina ba, na ba su labarin hoton.

Sauda ta ajiye cokali. "Yau 'yar boko ta yi magana. To sai aka yi yaya?"

Na ce iyakar abin da na sani ke nan.

"Kamar yaya iyakar abin da kika sani? Mace ta yi aure uku, ki kawo mana kai babu ƙafa? Tana da 'ya'ya? Wa ya riƙe su? Ta yi takaba tsakani ko haka ta dinga tsallakawa?"

"Karen fa?" in ji Ladidi. "Wane irin mutum ne za a kwantar da shi da kare a ƙafa?"

"Ke bar zancen kare. Atika, ki koma ki tambayo."

Na ce ni ba zan iya ba. Sauda ta ce to ita za ta je da kanta ta tambaye shi da Hausa, in bai ji ba ta ƙara da Faransanci. Na san za ta aikata. Washegari da na kai wa Mista Tindal takardun da na buga, na tsaya a bakin tebur, na ce, "Ranka ya daɗe, matan ɗakin naɗi suna tambaya, wai tana da 'ya'ya?"

Ya cire tabarau ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Sai ya ja min kujera.

Haka muka yi kusan mako biyu. Da safe in ɗauko tambaya daga rumfa, da azahar in kai amsa. Matan suka mayar da Sibila kamar wata 'yar unguwa da ta yi ƙaura. Har wadda ba ta zo aiki ba sai ta aiko a ji mata inda aka kwana.

Mijin farko ya tafi yaƙi ƙetaren teku, zazzaɓi ya kashe shi a can, ya bar ta da 'ya mace ɗaya. A al'adarsu ta lokacin, in mai ƙasa ya mutu ya bar maraya, sarki ne ke da iko da marayan. Shi zai ba wanda ya ga dama riƙo, mai riƙon ya yi ta cin amfanin gonakin har yarinya ta girma, uwa kuwa ko oho.

"Dangin uban suna ina?" in ji Ladidi.

Na ce Mista Tindal ya ce su ma sai sun nema wurin sarki.

"Ƙasar da baffa ba shi da ta cewa," Sauda ta girgiza kai. "Shi ya sa suke fari fat, ba su da inuwa."

Sai Sibila ta auri na tsakiyan. Yana da wani daji da ya gada, shi ne duk arzikinsa. Ya sayar da dajin ya nemo riƙon yarinyar daga hannun sarki, don kar a raba ta da uwarta. Ya riƙe ta har ta yi aure, ya miƙa mata gonakin ubanta. Bai daɗe ba ya rasu. Na ukun kuwa na hannun daman sarki ne, da shi ta haifi maza, suka zama manya, suka gina ƙaton coci inda suka binne ubansu, suka bar mata wuri a gefensa. Wurin yana nan har yau babu kowa. Ita tana can ƙauye.

Ranar da na kawo wannan, rumfar ta rabu biyu. Ladidi ta ce ita dai abin da ta ji a wurin Malam, mace a lahira ta mijinta na ƙarshe ce. Wata ta ce a'a, ita ta ji an ce zaɓi ake ba ta, ta ɗauki wanda ya fi kyautata mata.

"Ni ma uku na yi," in ji Sauda. "In an ba ni zaɓi, a riƙe su duka, a ba ni ɗaki ni kaɗai da fanka."

Aka yi ta dariya har mai gadi ya leƙo. Da aka lafa ta ce, "Amma tsaya. Wa ya sa aka sassaƙa dutsen? Ita ta bar wasiyya?"

Wannan na riga na tambaya da kaina, ba wanda ya aike ni. Na ce Mista Tindal ya ce ba wanda ya sani. Matarsa ta yi ta nema har ta rasu ba ta gano ba. Wasu sun ce wasiyya ce, wasu sun ce 'yar ce ta sa aka yi daga baya.

"'Yar ce," in ji Sauda. "Gawa ba ta kiran mai sassaƙa. Agolar nan ce ta tsaya ta ce ga inda za a sa uwata, ga wanda zai kwanta a gefenta. Da 'yan'uwanta maza da sarautarsu da komai." Ta suɗe cokalinta. Ba ta dube ni ba, amma duk rumfar an san a gidan wa nake, kuma an san makullan sito sun cika kaɗawa a bakin ofis.

Ranar Asabar na hau bas na tafi Hotoro. Ni ce 'yar farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakewa da ni a gaban mutane. "'Yar Malam" take ce min tun ina ƙarama, har yau ba ta canja ba. Na same ta tana yanka kuɓewa. Na karɓi wuƙar, na rasa ta inda zan fara, sai na ba ta labarin Sibila tun daga farko.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To ni kika zo tambaya wa zan kwanta kusa da shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ubanki ban gama saninsa ba Allah ya karɓe shi. Alhaji kuwa ba abin da ya rage ni da shi. Ya ma ce in maganarki ta taso a kawo nan, zai yi komai." Ta turo min ragowar kuɓewar. "Malam mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma mutum ne da ba ya roƙo. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ya ce ina son kaza ba. Ko tuwo ya yi gishiri sai ya cinye ya ce an gode. Ranar da na ce zan tafi, wallahi jira nake ya ce zauna. Sai ya ce, in hakan ya fi miki. Na kai zaure ina jira, bai ce ba."

Ta karɓi wuƙar daga hannuna, wai ina yanka su da kauri.

"Abu ɗaya na taɓa ji ya roƙa. Ina ɗaure kayanki ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, a bar ta ta gama zangon nan. Ya faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi sata."

Na koma gida da wannan maganar ina juya ta. Kafin in san abin da zan yi da ita, ranar Litinin Goggo Kulu ta tare ni da nata labarin. Wai kawun Shu'aibu ya gaji da jira ya turo mace ta tambaya, Goggo kuma ta ce musu Zawaciki, ranar Juma'a bayan an sauko. Har ta aika wa Baffa Uba, ƙanen mahaifina.

Ta ga yadda fuskata ta yi. Ta ce, "Ke Atika, ni na goya ki da zazzaɓi, kar ki dube ni haka. So kike a zo a zauna a zauren nan, wani daga cikin danginku ya miƙe ya ce wa Lawan kai a su wa? A gaban baƙi? Ƙanena ne. Ba zan bari a yi masa haka ba."

"Ya sani?" na ce.

"Na faɗa masa yana alwala. Ya ce to."

To. Na kwana da wannan "to" ɗin, na tashi da shi.

Ranar Laraba na nemi izinin rabin yini. Mista Tindal ya ce in dai ba wata tambayar matan rumfa zan je nemowa ba, in tafi. Na sami Baffa Uba a bakin gonarsa ana cirar gyaɗa. Tsoho ne mai son zolaya, kuma yana da karatu daidai gwargwado. Na durƙusa na gaishe su. Ya sa aka kawo min gyaɗa ɗanya a faranti.

"Kulu ta aiko," ya ce. "Na ce ikon Allah, ashe dai zangon nan yana ƙarewa."

Na ɗago.

"Ba ki sani ba? Duk sallah in ya kawo ki a kan keken nan nasa, ya ajiye ki wurin mata, sai ya zo ya zauna nan ya yi ta murza hula. In ce Lawan, yaushe za a dawo mana da 'yarmu? Ya ce, in ta gama zangon nan. Har kika fara aiki, bara na tambaye shi don in ji me zai ce, ya ce ai yanzu tana koyon aiki ne, shi ma zango-zango ne." Ya yi dariya har da tari. "Ni kuwa da gangan nake tambaya. Da ina son karɓarki ai da tuni na karɓa. Me zan ba ki a nan, fartanya?"

Ni duk shekarun nan zato nake yana kawo ni ne don ya tuna min cewa ni ba tasa ba ce. Ban faɗi haka ba. Na ce dai, a hankali, Goggo ta ce ba abin da ya haɗa mu tunda Inna ta fita.

"Kulu ta iya tuwo, ba ta iya fiƙihu ba. Mutumin da ya zauna da uwarki muharraminki ne har abada, saki ba ya goge wannan. Walicci kam nawa ne, ba zan yi miki ƙarya ba, haka shari'a ta ce. Amma waliyyi yana wakilta wanda ya so. In ce Lawan, karɓi gaisuwa, ka ba da aure da yawuna. Shi ke nan, ya ɗauru."

Na ji kamar an sauke min tulu daga ka. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ni ba zan je in ce masa karɓi ba. In na yi haka, gobe a garin nan za a ce Uba ya gudu daga hidimar 'yar ɗan'uwansa ya jibga wa bare. Shi kuma ba zai zo ya ce ba ni ba, kin san shi. Shekara nawa muna wannan karar, ni ina jiransa yana jirana. In yana so, ya aiko min ko da yaron maƙwabta ne kafin Juma'a. In hau kekena in zo Sharaɗa in zauna a bayansa, duk wanda ya miƙe ya ce kai a su wa, ni zan ba shi amsa. Amma daga bakinsa nake son ji. In kuwa ya fi son ya huta, ya yi mai wuyar, ba wanda zai zarge shi. Kin ga ɗawainiya ce, ba wasa ba."

Wannan na ƙarshen shi ya biyo ni har cikin bas. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsoma hannu a ruwan jima saboda 'yar wani, wa ya ce bai gaji ba? Wataƙila "to" ɗin da ya ce wa Goggo har zuciyarsa ne. Na tuna Sauda da cokalinta, na ce ita agolar Sibila ai ta ji daɗi, sai da kowa ya mutu ta yi magana, dutse ba ya cewa a'a.

Na iso gida bayan la'asar. Baba ya yi aikin safe, ya dawo. Yana zaure ya kifa kekensa yana gyaran sarƙa, tsohon buhu a shimfiɗe, ƙananan ƙarafa a jere a kai. Na gaishe su na wuce ciki. Na ajiye jaka. Na fito tsakar gida na tsaya. Goggo Kulu tana tankaɗe, ta dube ni, ta dubi hanyar zaure. Can sai ta tura min buta da ƙafa.

Na cika butar, na ɗebi toka a murfin kwano, na kai masa. Na durƙusa daga gefe ina zuba masa ruwa yana wanke baƙin mai. Hannayen nan duk sun tsattsage, farcen sun rine, ba sabulun da zai mayar da su. Ya laluba aljihu ya ciro lemon tsami ya gutsura da haƙori.

"An ce kin je Zawaciki," ya ce.

"Na je. Suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Gyaɗar ta yi kyau bana?"

"Ta yi."

"Madalla." Ya murza lemon a tafin hannu. "Uba mutumin kirki ne. Za su kyautata wa baƙi."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ruwan butar ya ƙare, amma ban tashi ba, shi ma bai janye hannunsa ba. Daga can kamfanoni aka busa jiniyar masu aikin yamma. Na ji kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ajiye butar.

"Baba," na ce, "in na ce ni a zauren nan nake so su zo, za ku karɓe su?"